Nababa da Dutsen da Muka So Sayarwa

Kullum bayan sallar asuba, Malam Nababa zai ɗauki sandarsa da gorar ruwa, ya ratsa gonakin gero, ya haye dutsen da ke bayan garinmu a ƙasar Tsanyawa. Shekara talatin ya yi yana yi wa baƙi jagora a tsaunukan gandun dajin Gashaka-Gumti. Daga uwa duniya ake zuwa a bi bayansa. Mu kuwa, da ya dawo gida sai muka laƙaba masa "Akuya". Haba jama'a! Har matarsa Kaltume ta gaji: "Malam, wai me ka ajiye a can sama? Gwiwarka ce ba ka so?"

A shekarun nan da kwanon masara ya gagari talaka, masu fasa dutse suka zo sayen namu. Kowa ya ce a sayar, ai ba a tuƙa tuwo da dutse. Nababa bai yi gardama ba. Ya dai ce wa Mai Unguwa Mika'ilu: "Ranka ya daɗe, a garin nan ba a sayar da gona sai dattawa sun taka iyakarta. Wannan ma sai a taka."

Abin haushi, sai ranar muka gane cikin dattawan babu wanda ya taɓa hawa. Suka zo da manyan riguna da silifa, suna haki suna yi masa mita. Shi kuwa yana gaba, yana nuna musu inda za su sa ƙafa.

A can sama Mai Unguwa ya dubi ƙasa. Ga garin maƙwabta da suka sayar da nasu, rami da farar ƙura, hanyar tifa ta keta gonaki. Ya juyo ya nuna wani ɗan kore a ƙasa. "Wancan fadamarmu ce?"

"Ita ce," in ji Nababa. "Ka ga ta inda ruwanta yake gangarowa daga dutsen nan."

Ba a sayar ba.

Kai ne ka tsare mana fadama da sanda ɗaya, Malam, mu kuwa ko sannu ba mu ce ba. Yau mun ce: mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Ku kuma masu dariya, gwiwar nan ta fara ƙi, kuma har yau shi kaɗai ya san hanyar. Gobe da asuba zai hau. Ku bi shi.