Agogon Naman Yaya Rifkatu

Shekara bakwai ke nan da muka binne Yaya Rifkatu a bayan gidan mijinta, can gindin dutsen Kagoro. Kowace shekara idan ruwan farko ya sauka nakan ce bana shiru zan yi, in je in share kabarin, in yi addu'a, in hau mota in dawo Kafanchan. Bana shirun ya ƙi. Abin da na gani da idona a watan jiya ne ya sa na ɗauki biro, kuma gara in faɗa muku tun yanzu, ba da sanyin zuciya nake rubutun nan ba.

Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, malamar makaranta. Ta daɗe tana koyar da girki a wata makarantar 'yan mata, da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Alheri, sai ta ajiye alli ta kama girkin biki. Daga Manchok har Fadan Kaje, in dai ana ɗaurin aure ko jana'iza ko taron godiya, da wuya ka rasa tukwanenta a bayan kanofi. Ba zan yi muku ƙarya in ce mai sanyin hali ce ba. Yaya tana da baki. In ta ga kin taɓa ɗanyar kaza kin juyo za ki yanka kabeji ba ki wanke hannu ba, ko matar fasto ce ke sai kin ji a jikinki.

Akwai wani abu da ta sayo a Jos wanda ba ta rabuwa da shi, ma'aunin zafin nama. Ƙarfe ne siriri kamar tsinken tsire, a kansa akwai 'yar zagayayyar fuska mai allura. Matan gari suka sa masa suna agogo. In ta soka shi a cinyar kaza sai ka ji wata daga bakin murhu ta ce, "Mama Alheri, ƙarfe nawa a cikin kazan?" a kwashe da dariya. Ita ko a jikinta. Takan ce ido maƙaryaci ne a wurin nama, musamman kajin nan na firij da kan soyu jawur a waje alhali jikin ƙashi da sauran sanyi. Ba ta sauke kaza sai allura ta kai digiri saba'in da huɗu, ko da amarya ce ke kukan yunwa.

Agogon yana da aibi ɗaya, kuma ta san da shi: nawa gare shi. Allurar a hankali take hawa, a hankali take sauka. In ya ɗauki zafi a wani wuri ka soka shi a wani naman nan take, zafin baya zai nuna maka, sai ka yi haƙuri ya sauko ya faɗi gaskiya. Don haka takan goge shi, ta tsoma a ruwan sanyi, ta soka a inda nama ya fi kauri ba tare da ta taɓa ƙashi ba, sannan ta tsaya tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa har allurar ta daina motsi. Ta sha cewa da za ta sami mai sauri da ta huta. A lokacin babu shi a kasuwanninmu, kuma duk wanda ta aika birni sai ya dawo mata da atamfa, wai ita ta fi dacewa da babbar mace.

Ranar da abin ya faru ina wurin, ni ke zuba shinkafa a faranti. Bikin wani babban gida ne, Yaya aka ba shinkafa da kaji. Amma a dangin angon akwai al'ada: naman da za a ba dangin amarya, gwaggonnin ango ne kaɗai ke gasa shi su raba, hannun bare ba ya shiga. Alade suka yanka, suka datsa shi manya-manya, suka jera a ragar waya bisa rabin duro cike da garwashi. Sujada ta ja lokaci, hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, babban baƙo kuma ya aiko cewa zai kama hanya. Babbar gwaggon, Mama Asabe, wadda ta fi kowa yi wa agogon dariya, ta ga baƙin birni na leƙowa bayan kanofi, sai ta miƙa hannu cikin kwanon Yaya ta ɗauke shi. Ta ajiye shi a kan wayar, saman wuta, ta juya naman, ta ɗauko shi da bakin zane allura ta kai ƙarshe, ta soka a wani ƙaton yanki ta zare.

"Agogo ya ce ya yi," in ji ta. "A sauke."

Na ce, "Mama, ku bari ya huce tukuna, zafin wuta yake nunawa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Malama, je ki koyar da yara. Tun ba a haife ki ba ni ina gasa nama."

Na ruga na kira Yaya. Ta zo da ludayi a hannu, ta ce kada a fitar da naman nan, a bari ta gwada. Gwaggonnin suka tare ta, wai ita baƙuwa ce, an ɗauke ta aiki ne, ba a kira ta gyara al'ada ba. Kiɗa na tashi, iska ta fara ɗaga kanofi, faranti suka wuce ta gabanmu zuwa teburin surukai. Waɗanda suka ji gargaɗinta su ne waɗanda suka hana ta.

Kwana bai yi nisa ba aka fara kai mutane asibiti da amai da gudawa. Yawancinsu sun warke. Wani dattijo, kawun amarya, wanda dama jikinsa ba ƙwari, bai tashi ba. Abin da ya ƙarasa mu shi ne, dattijon nan ya taɓa yin rigimar iyakar gona da marigayi mijin Yaya. Kafin a yi jana'izarsa labari ya riga ya sami ƙafa: ai ƙarfen nan da take sokawa a abinci, wani abu take shafa masa a tsini. Dama me zai sa mace mai tsoron Allah ta riƙa soka ƙarfe a abincin mutane? Babu wanda ya tsaya ya tambaya yadda aka yi duk waɗanda suka ci kajinta, da ta soka wa ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, suka kwana lafiya.

Dattawan ikilisiya suka zauna. Na tashi na faɗi abin da na gani. Aka ce an ji, amma ni ƙanwarta ce. Aka tambayi Mama Asabe, ta ce ranar hayaƙi ya yi yawa, ba ta tuna wa ya riƙe me ba. A ƙarshe ba su ce Yaya ta yi ba, ba su ce ba ta yi ba. Suka ce a bar wa Allah, kuma saboda zaman lafiya ta ɗan huta daga shugabancin zumuntar mata. Ni Kirista ce, a coci aka haife ni, a coci za a yi mini sujadar ƙarshe, amma tun daga ranar in na ji babban mutum ya ce a bar wa Allah, sai na duba in ga wa yake karewa.

Hutun nan bai ƙare ba har ta mutu. Aiki ya ɗauke ɗif. In aka yi cin abinci na tarayya a coci kowa ya kawo kwanonsa, nata ne ke komawa gida a cike. Iyaye suka hana yara karɓar ko gyaɗa daga hannunta. Matar da ke ciyar da taro ta koma dafa tuwon mutum biyu a 'yar tukunya, bakin nan mai kaifi ya mutu murus. Likita ya ce hawan jini ne, kuma ban musa masa ba. Shekara uku ta yi a haka. Ranar jana'izarta coci ya cika maƙil, aka hau mumbari aka kira ta uwa mai ciyar da jama'a, na zauna a gaba ina kallon bakunan da ke cewa amin.

Yau ku shiga bayan kanofi a kowane babban biki a Kafanchan. 'Yan matan da ke girkin biki kusan kowacce da nata ma'aunin a aljihun atamfar aiki, har ɗaukar kansu suke a waya suna soka shi a kaza, a rubuta a ƙasa wai girkin zamani. Wasunsu 'ya'yan waɗanda suka hana su cin gyaɗar Yaya ne. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan. Na san ta. Dariya za ta yi tukuna, irin mai ƙarfin nan, sannan ta ƙwace abin daga hannun yarinya ta ce, kin gwada shi kuwa, ko don ado kika saya?

Alheri ta gaji sana'ar. Da za ta sayi nata ma'aunin ni na raka ta, wani shagon kayan girki a cikin kasuwa. Da fulas ta je, cike da ruwa da fasasshiyar ƙanƙara. Mai shago ya baje mata kala-kala, har da irin na uwarta mai allura, ta ture shi gefe ba ta ko kalle shi ba. Masu batir ta ɗiba, waɗanda ke nuna lamba. Ta riƙa tsoma su a ruwan ƙanƙarar ɗaya-ɗaya. Wanda ya tsaya nesa da sifiri, ta ajiye. Wanda lambarsa ke ta rarrafe har ka gaji da kallo, ta ajiye. Mai kaurin baki ma ta ƙi, ta ce zai yaga nama kuma ba ya jin zafi da wuri. Mai shago ya fara tsaki.

"Sista, ke za ki saya ne ko jarrabawa kika zo ba su?"

"Abeg Oga, ka yi haƙuri," in ji ta. "Mai jinkiri ya riga ya cuce mu sau ɗaya."

Ta zaɓi wani mai siririn tsini, wanda kafin ka sauke numfashi lambarsa ta tsaya cak, in ka zare shi ka riƙe a tafin hannu kuma nan take ta sauya. A gida ta sake gwada shi a tafasasshen ruwa, ya tsaya ƙasa da ɗari kaɗan. Na ce to, an sayar miki da na banza. Ta ce a'a Anti, Mama ta ce mu nan kan tudu muke, ruwanmu ba ya cika ɗari yake tafasa. Na juya na shiga ɗaki, don ban so ta ga idona ba.

Sai ga babban aiki ya zo mata, irin wanda ke ɗaga mai sana'a: taron zumuntar mata na gunduma, a cocin nan dai da uwarta ta yi wa hidima. Shugabar mata ta kira ta gefe ta yaba girkinta, sannan ta sassauta murya. Manyan kulolin da Alheri ke zuba abinci na uwarta ne, kowacce da sunan Rifkatu a jiki da jan fenti. Wai ko za ta taimaka ta zo da wasu, ko ta rufe rubutun, saboda akwai tsofaffi masu raunin zuciya, kada su kasa cin abinci.

Na ce mata ta ƙi. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Anti, ke kina da fansho. Ni in na ƙi wannan, wa zai sake kira na?" Da yamma na same ta a tsakar gida da gwangwanin shuɗin fenti, tana bin sunan uwarta harafi-harafi, tana shafawa tana share ido da gefen hannu. Ban taya ta ba, ban kuma hana ta ba.

Ranar taro abinci ya yi kyau, babu wanda ko cikinsa ya murɗa. Shugaba ta ɗauki makirfo ta ce a tafa wa yarinyar nan mai tsabta, wadda har na'ura take sa wa nama don lafiyarmu. Aka tafa, aka yi guɗa. Mama Asabe na layin gaba, ta tsufa, an ba ta kujera mai hannu, ta cinye cinyar kaza ta nemi ƙari. Na je na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, na ce, "Mama, kin san 'yar wa ce ta dafa?" Ta ci gaba da tauna. "Abin da ya wuce ya wuce, malama. Allah ya sani." Na ce ya sani ƙwarai, ke ma kin sani. Wata ta kusa da ita ta ja ni ta ce kada in ɓata taro.

To me ya rage na Yaya Rifkatu bayan shekara bakwai? Hannunta ya rage, yana jikin 'yarta. Taka-tsantsan ɗin da aka yi mata dariya a kai, aka kuma kashe ta da shi, ya zama abin tafi a cocin da ya sa ta hutu. An karɓi komai nata, an ci, an ƙoshi, an gode wa Allah. Abu ɗaya aka ce a bari a waje, shi ne sunanta, kuma 'yar cikinta aka sa ta shafe shi da hannunta don ta samu ta ci abinci. Wannan ban yafe ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba don a ce ni mai ibada ce.

Ba ni da mumbari, dattawa kuma sun riga sun gaya mini matsayin shaidar ƙanwa. Wannan shafin kaɗai gare ni, kuma na san ana karanta shi a Kagoro. Don haka ga abin da aka ƙi faɗa a gaban ikilisiya tana da rai. Sunanta Rifkatu, uwar Alheri. Ta ce kada a fitar da naman nan. Ba ta kashe kowa ba.