Andrawus Mai Hoto na Obiagu

Daga Kafanchan jirgin ƙasa ya kawo Andrawus Enugu, shekaru kaɗan kafin Turawa su tafi. Ya fara da dako a tasha, daga baya ya koyi ɗaukar hoto, ya sami tsohuwar kyamara mai ƙafa uku, irin wadda ake lulluɓa baƙin ƙyalle a ka. Ya kafa ta a bakin wani lungu a unguwar Obiagu. Masu haƙar kwal da 'yan reluwe da fataken goro duk wurinsa suke zuwa, don hotonsa fes yake fita.

Idon kyamarar nan ya fi ƙarfin kowa. Kowace safiya sai ya kaɗe ƙura da gashin kaza, ya yi masa huci sau ɗaya, ya shafa a hankali da tsumman tsohuwar farar riga da ta sha wanki har ta yi laushi. Matarsa Eunice ce ke wanke tsumman, amma ko kusa ba ya barinta ta taɓa gilashin.

Bayan samun 'yancin kai, ya fara ganin hazo duk lokacin da ya leƙa. Ya goge, hazo na nan. Sai ya juya kan Eunice.

"Ke kika taɓa mini kyamara da hannun manja!"

"Baban Irene, ni ban taɓa ta ba. Me zai kai ni?"

Bai yarda ba. Ya daina ba ta wankin tsumman, ya koma kulle kyamarar a akwati, kullum da sabon zargi. Da ta gaji, ta ɗauki 'yarsu Irene ta koma gidan iyayenta a arewa.

Shi kuwa ya dage da guga. Ya gwada giyar ogogoro, ya gwada kananzir. Maƙwabcinsa Zailani, mai sayar da goro, ya leƙa wata rana ya ce, "Malam Andrawus, ni fa ban ga dattin komai ba. Anya ba asibiti ya kamata ka je ba?"

"Kai dai goro ka sani," in ji Andrawus.

Ranar da haushi ya ci shi, ya ɗebo toka, kamar yadda ake wanke gilashin fitila, ya dirje idon kyamarar da ƙarfi. Daga ranar hotuna suka fara fitowa dishi-dishi. Wani mai haƙar kwal ya jefa masa nasa a ƙasa, ya ce wannan ba fuskarsa ba ce. Mutane suka koma sabon shagon hoto kusa da Kasuwar Artisan.

Sai da ya faɗa kwata da rana tsaka sannan Zailani ya ja shi asibiti. Likita ya haska idanunsa ya ce yanar ido ce ta rufe su duka biyu, kuma ta daɗe tana tafiya.

Andrawus ya koma gida. Ya aika wa Eunice saƙon ban haƙuri ta hannun wani direban jirgi. Mutumin ya dawo ya ce ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, ta ci gaba da surfenta.

Aikin da aka yi masa ya buɗe ido ɗaya. Da shi ya ƙarasa rayuwarsa yana gadin rumbun doya a kasuwa, kuma babu wanda ya sake zuwa daga gida.