Tulun Irin Baiwa

A Matameye idan aka ce Baiwa mai iri, ba wanda zai tambaya wace ce. 'Yar Dawce ce, aure ya kawo ta gari, kuma a kayan ɗakinta duka ba abin da take ji da shi kamar wani baƙin tulu da uwarta ta cika mata da irin gero. Gero ne gajere mai saurin nuna, ko damina ta yi rowa sai ya ba da abin kai wa baki. Kowace kaka sai ta zaɓi zangarniyar da ta fi ƙoshi, ta sussuke, ta gauraya da toka saboda ƙwari, ta cika tulun, ta liƙe bakin da laka, ta danna tafin hannunta a kai. Daga nan ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka. Ran Juma'a kawai take jawo shi daga ƙarƙashin gado, ta ɗaga ta ji nauyinsa, ta mayar.

Mijinta Manu ɗan cin rani ne, ga-ruwa yake yi a Kano. Mutum ne mai fara'a da yawan zance, irin wanda ko rigima ka zo yi da shi sai ka tafi kana dariya. Baiwa na son sa, ba ta kuma ɓoyewa.

Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke gero na bununi. Gonaki suka ƙone a tsaye. Abin da Baiwa ta tsinto a gayaunarta da ƙyar ya cika tulun, ta kuwa cika shi ta liƙe, yara na kallo. Soja ke mulki nan, soja ke mulki can, aka rufe iyaka, maza suka rasa hanyar Kano. Manu ya zauna gida, ba aiki ba hatsi.

Abin da ya rage wa mutane na sanyaya rai shi ne tele ɗin, wato talabijin, da aka girka a filin ƙungiyar matasa ta samariya. Lawali ne mai kunna ta, yana kuma ji da kansa kamar shi ya ƙera ta. Bayan magariba a shimfiɗa tabarmi, maza gaba mata baya. A fara da labarai, a nuna masu kaki suna sauke buhuna daga kamyo, babbar motar kaya, a wani gari, kowa ya yi shiru, don ba a san wa ke sauraron wa ba. Amma ran da ake wasan ƙarshen duniya, to bakin kowa a sake yake.

Wasan, labarin wasu 'yan tsirarun mutane ne da suka rage bayan rijiyoyi sun ƙafe, birane sun zama kufai. Nuna wa masu yunwa wasan yunwa kuwa neman magana ne. Tsohuwa Uwa mai daddawa ce kan gaba wajen gyara wa 'yan wasan.

"Wannan ne mai yunwar, da kumatu haka? Ku kawo shi unguwarmu mu koya masa!"

Wani ya ce kwaikwayon tashin duniya saɓo ne, ya tashi da fushi, mako na zagayowa ya riga kowa shimfiɗa buzu. Baiwa ba ta cika magana ba, sai da aka nuno wata mata a wasan tana ɓoye tulun iri. Mutane suka sa mata suna Mai Tulu, mijinta kuma Dogo. Daga ranar Baiwa ta ɗauki matar nan kamar 'yar ɗakinsu. In yunwa ta murɗa mata ciki sai ta ce a ranta, ai Mai Tulu ma tana haƙuri.

Wata rana aka nuno Dogo ya faki ido, ya kife tulun, ya huda shi ta gindi, ya tsiyaye irin, ya toshe. Filin ya kaure da salati da zagi. Manu ya miƙe tsaye yana nuna tele da yatsa.

"Allah wadaran namiji irinka! Ka cinye gobenka ka zauna da me?"

Sai ga Mai Tulu ta shigo, ta shafa lakar bakin, ta ga ba a taɓa ba, ta yi murmushi ta fita. Baiwa ba ta san lokacin da ta ɗaga murya ba.

"Ke sakarya, ɗaga shi mana! Wa ya ce miki baki ake dubawa? Iri ai nauyinsa ake ji!"

Aka bushe da dariya. Manu ya waiwayo yana washe baki, ya ce wa maza, "Kun ji tawa ko? Ba a yi mata wayo." Baiwa ta rufe fuska da gyale, daɗi ya cika ta.

Bazara ta matsa, abu ya kai ana dafa ganye zalla, ƙaramar 'yarsu ta daina ko kuka. A nan ne Manu ya fara shigowa da ƙullin gari a gefen riga. Ya ce rabon taimako ne, ya san wani a wurin layi, har an niƙa masa a inji. Baiwa ta shinshina ta ce, "Maigida, gero? Ni na ji jar dawa suke bayarwa." Ya ce sa'a ce tasu. Ta dama kunu, yarinya ta sha ta buɗe ido. Baiwa ta yi kuka, ta yi masa addu'a, ta ɗiba ta kai wa Uwa, ta kuma bi matan unguwa tana faɗin irin mijin da Allah ya ba ta. Kowace Juma'a ta ɗaga tulu, nauyi na nan yadda ta sani.

Ruwan shuka ya sauka wata hantsi, mai yawa, har ƙasa ta jiƙe kamu guda. Gari ya ruɗe, masu iri na neman sungumi, marasa iri na neman masu iri. Mata suka cika tsakar gidan Baiwa da ƙananan ƙorai, don ta saba sam musu. Ta fito da tulun tana tafiya a hankali, ta yi bisimilla, ta fasa lakar mai ɗauke da tafin hannunta, ta zura hannu.

Toka ce a sama. Ƙarƙashinta yashi.

Ta ƙara zurawa har gwiwar hannu, yashi. Ta kife tulun, ta ga inda aka huda gindin aka toshe da ƙaro, aka shafe da baƙin tukunya. Aikin ya yi kyau, ya ma fi na Dogo. Matan suka sulale ɗaya bayan ɗaya, Uwa ce ta ƙarshe.

Manu na tsaye a bakin zaure da sungumi a kafaɗa.

"Baiwa, yarinyar nan mutuwa za ta yi."

"Na sani, Maigida. Ni na haife ta."

"Da na tambaye ki da kin hana."

"Wataƙila. Wataƙila kuma da na fasa shi da hannuna, na rage ko tafi guda. Ba ka bari mun sani ba." Ta dubi yashin da ke hannunta. "Huda gindin, wannan a tele ka gani, na yarda. Yashin fa? Wa ya koya maka yashin?"

Abin da ya fi cin ta ba yunwar da ke gaba ba ce. Ita ce ta tsaya gaban gari ta faɗi sirrin tulunta, shi kuma ya waiwayo ya yi mata dariyar alfahari, ya adana maganar. Ta sha irin uwarta a kunu tana sa masa albarka.

Ta ɗauko rariya ta zauna, ta wuni tana tankaɗe yashin. Abin da ya maƙale bai rufe tafin hannunta ba. Shi ta kai gayaunarta ta shuka ita kaɗai, ƙwaya bibbiyu a rami, ba ta bar Manu ya sara mata ko rami ɗaya ba.

Da yamma Lawali ya bi unguwa yana shela, yau ne ƙarshen wasa, za a ga ko Mai Tulu za ta gano Dogo. Manu ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya tambaya a hankali ko za ta je.

"Je ka kai kaɗai," in ji Baiwa, tana kwaɓa lakar toshe gindin tulu. "Ka fi ni ƙaruwa da shi."