Gahawar Baba a Gindin Randa

A bazarar shekarar da na shiga aji huɗu, wata Laraba da la'asar, Baba ya sauko daga motar albasar da yake tuƙawa riƙe da gwangwanin madara, cikinsa wani ɗan tsiro mai ganye kore shar yana sheƙi. Ya ce gahawa ce daga tsaunin Mambila, irin mai daraja da ake fitarwa ƙasashen waje. Da zai koma hanya ya damƙa mini ita, ya ce, "Ɗiyata, in na dawo in iske ta da rai."

To, mu mutanen Aliero albasa muka sani, kuma a wurinmu duk abin da aka shuka rana yake so. Na kai ta bakin rijiya, tsakiyar rana ƙiri-ƙiri, ina ba ta ruwa safe da yamma, har da takin awaki. Sai ganyen ya fara ƙonewa yana zuba. Ga Baba ya wuce lokacin dawowarsa, ba waya a gidanmu, ba labari. Ban san yadda aka yi ba, na ƙulla a raina cewa idan ta mutu Baba ba zai dawo ba. Wallahi tsoro ya hana ni sakat. Na bar carafke, tuwo ya daina wucewa, ina tallan ƙosai hankalina yana kan gwangwani. Kakata Inna takan ce, "Wannan yarinya ta yi ɗa, ba a yi suna ba."

Malama Rifkatu, malamar ajinmu, mutuniyar Mambila ce. Da na gaya mata cikin kuka, ta ce a garinsu gahawa ƙarƙashin ayaba take girma, inuwa da sanyi take so. Na ruga gida na tura ta gindin randa, don ban san inda ya fi nan sanyi ba. Ganye ɗaya ya rage, shi ma ya zube.

Kwanaki kaɗan bayan haka na ji ƙugin motar Baba. Ashe lalacewa ta yi a hanya. Na ƙanƙame shi ina cewa ta mutu, ta mutu. Ya firgita, ya ce, "Wa ya rasu?" Shi ya ma manta da ita.

Yanzu ina shan gahawa a ofis, ’ya’yana kuma in na makara waya suke bugowa. Baba ya yi tafiyar da ba a dawowa, kuma a wannan karon bai bar mini abin da zan ba ruwa ba.