Kunnen Baba

Sati biyu ke nan, amma har yanzu in jirgin ƙasa ya yi kuka a tashar Gombe sai na nemi bango na dafa.

Babana ma'aikacin reluwe ne, mai duba layin dogo. Da ƙafa yake bin ƙarfen, yana ƙwanƙwasa notuna da doguwar guduma, daga amon ya gane wanda ya kwance. Da na gama sakandare ina zaune gida a Dawaki, sai Inna ta aike ni in kai masa wankakkun kaya da yaji a sansaninsu, kusa da babbar gadar kogin Gongola.

Da safe ya ce in raka shi in ga gadar. Ba ta mutane ba ce. Katako ne a jejjere, ta tsakaninsu kana hango masu wanki can ƙasa, 'yan mitsi-mitsi. Jefi-jefi akwai ɗan lungu a gefe, inda ma'aikaci ke raɓewa in jirgi ya taho.

Muna tsakiya na ji kukan jirgi a bayanmu. Na waiga, ga na kaya ya kunno kai. Baba yana gaba, yana ta bugun notinsa. Sau uku na ƙwala masa kira, bai juyo ba. Ban san lokacin da na finciko rigarsa muka faɗa lungun ba. Gadar ta yi ta rawa har taragon ƙarshe ya wuce.

Na ce, "Baba, ba ku ji shi ba?"

"Iska ce ta juya," in ji shi. Bakina yake kallo.

Shekaranjiya ya dawo gida da fam, takardar cikewa daga wurin aiki. Ana ta maganar za a sabunta layin tunda arzikin mai ya zo, a kawo jirage masu gudu, a tace ma'aikata. Ya ajiye takardar a gabana da biro, don shi ba ya karanta Turanci.

"Ke ce 'yar boko. Cika mini da rubutun nan naki."

Na cika har na zo inda ake tambayar lafiyar ido da kunne. Na nuna masa kunnena.

"Rubuta lafiya lau. Shekara uku ta rage mini in yi ritaya, uwata."

"Sababbin jiragen sun fi wancan gudu, Baba."

"Me kika ce?"

Na sunkuyar da kai, na rubuta gaskiya. Ya dangwala yatsa, ya sa mini albarka, ya miƙe. Albarkar ce na kasa haɗiyewa. Na sha gabansa, na tsaya inda zai ga bakina, na faɗa masa abin da na rubuta.

Ya daɗe yana dubana. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu. Jiya da safe ya kai ta ofishinsu a tasha da kansa, yadda na cika ta. Tun shekaranjiyar bai ce mini uffan ba, in na gaishe shi hannu kawai yake ɗaga mini.