Muryar Inna Ba Ta Kai Libiya Ba

Mun bar Tawa ana kiran assalatu, ni da abokin aikina a kan babur ɗaya, odinato, wato kwamfuta, goye a bayana kamar jinjiri. Manhajar da muka daɗe muna ginawa muka fita gwadawa. Aikinta ɗaya ne: ta matse saƙon murya ya ƙanƙance, iyaye su aika wa ƴaƴansu ƴan ci-rani ko rezo, wato sabis ɗin waya, ba ƙarfi. A cikin gari, layin girafik ɗin gwaji kwance yake lafiya lau.

Damina ta cinye hanyar Barmu. Mun tura babur fiye da yadda ya ɗauke mu. Mai kuwa ya yi tsadar da mai sayar da shi a kwalba sai da ya ba mu haƙuri. A Barmu muka sha fura mai kauri, muka sayi cuku, muka nausa arewa.

Daga nan layin girafik ɗin ya fara hawa. Kowane ɗigo saƙo ne, tsawonsa daɗewar da ya yi a hanya, ja kuma wanda ya mutu bai isa ba. Abokina ya ce zafi ne, ya koma ya ce tsofaffin salula ne.

A wani ƙauye, mata da tsofaffi muka tarar suna noma. Wata dattijuwa ta ajiye hauya ta zo da salularta.

"Ɗana, an ce kun zo da abin da ka kai magana Libiya. Autana na can, ubanshi na kwance. So nike ya ji daga bakina."

Muka sa mata manhajar, muka hau tudu tare neman rezo. Ta yi maganarta a hankali, mu muka kau da kai. Saƙon ya kai rabi ya faɗi. Muka sake, ya faɗi.

"Inna, bai tahi ba."

"To, gwada mini inda a ka dannawa."

Na nuna mata, na karɓi lambar yaron.

Da muka dawo Tawa na kira shi, layin a rufe. Na zauna na jera girafik ɗin kusa da juna. Ba zafi ba ne, ba salula ba ce. Rezo ke yankewa kafin saƙo ya gama fita, kuma in muka ƙara matse shi, uwa ma ba za ta gane muryarta ba. Tafiyar nan ta koya mini cewa mun gwada abinmu ne a inda ba a buƙatarsa.

Rahoton faɗuwar saƙo da manhajar ke aiko mini ɗan mitsitsi ne, shi yana samun hanya. Don haka kowace safiya jajayen ɗigo na shigo mini daga ƙauyen nan, na san tana kan tudu. Yau na buɗe, babu ko ɗaya. Ban sani ba ko ta gaji ne, ko kuwa yanzu gaisuwar rasuwa take karɓa.