Wadda Ta Ba Ni Sunan Da Zan Kira 'Yata

Assalamu alaikum, ɗaliban Malama Saude na da da na yanzu, da duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa.

Mu a gida, maigidana Malam yana nan yadda yake. Ɓarin jikinsa na hagu bai dawo ba, amma yana cin abinci. Ƙananan yara lafiya lau, sai Auta da ke tari. Ni ma ƙalau nake, in dai ƙalau shi ne mutum ya tashi ya yi shara ya ɗora tukunya. Babbar 'yata ce ba ta da lafiya, kuma ba ciwon da ake kaiwa asibiti ba ne.

Ranar Talata da safe ina suyar ƙosai a ƙofar gida, maƙwabciyata Ladidi ta zo ta tsaya a kaina ko gaisuwa babu. Ta ce, "Yaya Hansai, Malama fa ta cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai na ci gaba da suya har ƙullun ya ƙare. Na wanke kasko, na kife shi. Yau kwana goma sha biyu ban yi kuka ba. Ina jira ya zo, bai zo ba.

Kun san ta a matsayin shugabar makarantar unguwarmu a nan Wudil. Mu matan aure mun san ta a zaurenta, inda take koya mana karatu da rubutu bayan la'asar. Na shiga ajin ne ina da furfura. Wannan rubutun da kuke gani, a can na samo shi.

Babbar 'yata 'yar fari ce. Ba zan rubuta sunanta ba, domin ban taɓa kiransa ba. Daga yaye kakarta ta ɗauke ta zuwa Indabo, can ta girma. Ko da ta dawo hannuna, in zan yi mata magana sai in ce "ke", ko in faɗa wa bango ta ji. Haka muka tarar, haka muka yi.

Ta gama jami'a, ta karanta kimiyyar sinadarai, ta yi hidimar ƙasa, ta dawo ta zauna. Tana son koyarwa, amma duk inda ta je sai a tambaye ta takardar shaidar malanta. Komawa karatu gaba ɗaya kuwa ba zai yiwu ba, domin a shekarar ne Malam ya faɗi, kuma ƙosai ba ya sayen magani.

Malama ta zo duba shi, ta tarar da yarinyar tana tsintar wake. Na ba ta labarin halin da ake ciki. Ta ce, "Akwai hanya. Za ta koyar a wajena Litinin zuwa Alhamis, tana karɓar albashinta. Juma'a da Asabar ta tafi Kano karatun diflomar koyarwa." Na ce ko ta fara aikin kyauta har ta iya. Ta ce, "A'a. Malamin da bai karya ba agogo yake kallo, ba yara ba." Na ce, to wa zai riƙe ajinta ranar Juma'a? Ta ce, "Wannan ba tambayarki ba ce, Hansai."

Amma ba ta ba ta yara nan take ba. Wata la'asar na shiga zaure, sai na ga 'yata tsaye gaban allo da alli a hannu. Na juya zan fita. Malama ta kamo hijabina.

"Ina za ki? Kin bar wake a wuta ne?"

Mata suka kwashe da dariya. Na ce a hankali, "Malama, 'yar fari ce fa."

Ta ce, "A gida ke nan. Ni ban ce ki kira sunanta ba. Ki ce mata Malama, bakinki ba zai ƙone ba." Ta juya wajen yarinyar ta ce, "Ke kuma digirin nan ki cire shi a bakin ƙofa tare da takalmi. In kika koya wa uwarki rubutu ba ki kunyata ta ba, zan ba ki 'ya'yan mutane."

Na zauna. Na ɗauki fensir. Yarinyar ta durƙusa ta dafa hannuna da nata, muka ja layin tare. Tun yaye hannuna bai daɗe a cikin nata haka ba. Na ji bakina ya ce, "Malama, ban gane ba, sake." Shi ne abu na farko da na taɓa kiranta da shi. Marigayiya tana zaune a baya, ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Tana yawan ce mata, "In yaro bai gane ba, ba shi ya kasa ba, ke ce ba ki gama ba." Sai daga baya muka san ita ce take tsayuwa a ajin Juma'a da kanta, da kumburarrun ƙafafunta, wata tara.

Abin da ya rage a karatun shi ne koyarwar gwaji. Sai malami mai takardar shaida ya zauna a bayan aji sau uku, ya kalle ta, ya sa hannu a fom. Malama ta zauna sau biyu. Na ukun ranar Alhamis ne, ta rasu Talata. A makarantar ba wani mai takardar. Yarinyar kuwa ba ta sake shiga aji ba. Tana cewa tsayuwar Juma'a ce ta kashe Malama. Na ce mata kwana ne ya ƙare. Fom ɗin yana ƙarƙashin matashinta, layi ɗaya babu komai.

Allah ya jiƙan Malama Saude, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta kamar yadda ta buɗe mana ido. Allah ya hutar da ƙafafun nan a Aljanna. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri, ya tsaya musu yadda ta tsaya wa 'ya'yan wasu.

A cikinku akwai waɗanda ta bi da su wannan hanyar, yau kuna da takarda. Ina roƙon mutum ɗaya ya zo ya zauna a bencin baya, darasi ɗaya tak. Mun tambaya a Kano, sun ce ya halatta, in dai fom ya isa kafin Juma'ar ƙarshen watan nan. In ya wuce sai baɗi, ni kuma na san ba za ta koma ba. In ta ji wani ɗalibin Malama na jiranta a aji, kunya za ta tashe ta.

A aiko mini da amsa kafin Larabar makon wannan Juma'ar. Ina ƙofar gida kullum da safe, kusa da makarantar, kowa ya san mai ƙosai. Zan karanta da kaina.

Suna ɗaya nake da shi da zan kira 'yata, marigayiya ce ta ba ni. Don Allah kada ku bari ya bi ta.

Hansai